Tsakanin allon malam da takardar likita: amsa ga wadda ƙanenta ya sami taɓin hankali

Wata baiwar Allah daga Garwa ta aiko da tambaya game da ƙanenta, saurayi mai shekara ashirin da 'yan kai da ke koyon ɗinki. Ta ce a bara ya daina barci, ya riƙa jin muryoyi suna zaginsa, ya kuma ƙi cin abincin gida domin yana zargin ana zuba masa wani abu. An kai shi wurin malami ya yi wata uku ana ruƙya da rubutu, da abin ya ƙi sai aka kai shi asibiti aka rubuta masa Haldol da Largactil. Kwana huɗu da fara sha wuyansa ya murɗe, idanunsa suka kafe sama, harshensa ya fito, kawunnansa suka ce aljanun ne suka ƙi maganin Bature. An koma asibiti an yi masa allura abin ya sake shi. Yanzu muryoyin sun yi sauƙi, amma jikinsa ya sanƙare, hannunsa na rawa, miyau na zuba, yana wuni kwance. Mahaifinsu ya ce da zarar azumi ya kama za a daina maganin a koma ga addu'a kaɗai, shi ma yaron ya fara ƙin sha, mahaifiyarsu kuwa tana niƙa ƙwayar tana zuba masa a kunu a ɓoye. Tambayarta ita ce: wa ke da gaskiya a gidan nan, kuma me za ta yi?

'Yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya, ya kuma saka miki da alheri a kan ɗawainiyar da kike yi. Ina aikin jinya ne a ɓangaren masu taɓin hankali a nan arewacin Kamaru, kuma labarin gidanku yana daga cikin waɗanda suka fi yawan zuwa mana. Sanya wa ciwon suna aikin wanda ya duba shi ido da ido ne, bayan ya tabbatar ba zazzaɓin cizon sauro ne ya hau masa kai ba, ba sanƙarau ba ne, ba farfaɗiya ba ce, ba kuma shaye-shaye ne ya jawo ba. Amma abin da kika bayyana ya isa in faɗa miki matsayata tun daga farko. Ba lallai ba ne gidanku ya yi ittifaƙi a kan abin da ya jawo ciwon kafin yaron nan ya sami sauƙi. Mahaifinku na iya ci gaba da ganin akwai hannun iska a ciki, likita na iya ci gaba da ganin ciwon ƙwaƙwalwa ne, kuma yaron ya warware a tsakaninsu, matuƙar maganin bai yanke ba kuma babu wanda ke ɓoye wa wani abin da yake yi. A yanzu kuwa kowa a gidan yana ɓoye wani abu, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali fiye da muryoyin da yake ji.

Bari in fara da daren da wuyansa ya murɗe, domin daga nan ne amana ta karye. Abin da kuka gani illa ce sananniya ta Haldol, wanda sunansa na asali haloperidol. Akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa da ake kira dofamin. Idan aikinsa ya yi yawa a wani sashe, mutum yakan ji muryar da babu mai ita, ya kuma ga barazana a inda babu ita. Haldol da Largactil suna toshe hanyar wannan sinadari, shi ya sa muryoyin suka lafa. To amma sinadarin nan shi ne kuma yake daidaita motsin jijiyoyi da tsoka a wani sashen na daban, kuma maganin ba ya iya toshe ɗaya ya bar ɗaya. Idan toshewar ta yi ƙarfi farat ɗaya, sai tsokar wuya da ta ido da ta harshe su ɗaure. Wannan ya fi samun samari maza, mafi yawa cikin kwana biyar na farko ko kuma bayan an ƙara yawan maganin, kuma allura ɗaya takan warware shi cikin mintuna, kamar yadda kuka gani da idonku. Yana samun Musulmi da Kirista da wanda bai yarda da komai ba, a Marwa da Faris ta Faransa duk ɗaya. Ina roƙonki ki faɗa wa kawunnanku wannan cikin ladabi, kada ki yi musu dariya, domin duk wanda ya ga ɗansa a wannan hali ba tare da an gargaɗe shi ba dole ya nemi bayani a cikin abin da ya sani. Gazawar tana wurin wanda ya miƙa takardar magani bai ɗauki minti biyu ya ce "idan kun ga kaza, daga maganin ne, ku dawo" ba. Da an faɗa muku tun farko, da faruwar abin ta ƙara muku yarda da asibiti maimakon ta rage.

Sanƙarewar jiki da rawar hannu da zubar miyau da kike gani yanzu duk daga tushe ɗaya suke. Alama ce cewa maganin ya fi ƙarfin abin da jikinsa ke buƙata a wannan mataki, kuma abu ne da ake gyarawa. Sau da yawa ana fara magani da ƙarfi lokacin da mara lafiya ke cikin tashin hankali, sai a sallame shi, a yi ta sabunta takarda ɗaya wata da watanni babu wanda ya sake dubawa. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a ƙarƙashin shirinta na mhGAP, wanda ta ƙaddamar a 2008 domin ƙasashe irin namu masu ƙarancin ƙwararru, ta yi umarni da a fara da kaɗan, misali miligiram 1.5 zuwa 3 na haloperidol a rana, a riƙa ƙarawa a hankali, a tsaya a mafi ƙarancin abin da ke aiki, a kuma yi amfani da irin wannan magani guda ɗaya a lokaci guda. Ƙanenki yana shan biyu. Mai yiwuwa an haɗa masa Largactil ne domin ya samu barci a kwanakin farko, kuma tambayar da ya kamata a yi yanzu ita ce ko har yau yana buƙatarsa. Ban kawo waɗannan alƙaluma domin ki rage da hannunki ba. Na kawo su ne domin ki shiga ofishin likita da sanin cewa neman a rage haƙƙinku ne, ba rashin kunya ba.

Akwai hanyoyi da dama a gaban likitan. Yana iya rage Haldol, yana iya janye Largactil a hankali, yana iya ƙara Artane na ɗan lokaci domin ya saki jiki, yana kuma iya sauya shi zuwa risperidone ko olanzapine waɗanda ba su cika sanƙarar da jiki haka ba. Kowanne da nasa farashin. Olanzapine yana buɗe ciki ƙwarai, yana sa ƙiba, yana iya tayar da sukari, saboda haka sai ana auna nauyi da jini. Risperidone yana iya taɓa sha'awar namiji ko ya rikita al'adar mace, abin da marasa lafiya ke jin nauyin faɗa, sai kawai su daina sha a yi zaton taurin kai ne. Artane kuwa ina so ki sa masa ido sosai: yana busar da baki, yana hana bayan gida, yana rage zufa, kuma samari suna sayensa domin maye, don haka kada ya zauna a aljihun yaron inda abokai za su roƙa. Game da wunin da yake yi a kwance, abu uku ne ke iya jawo shi, kuma sai an bambance: nauyin magani, ko mutuwar zuciya da ciwon kansa ke bari bayan muryoyi sun tafi, ko kuma baƙin cikin saurayin da ya farfaɗo ya tarar unguwa duka ta san abin da ya yi. Na ukun nan shi aka fi mantawa, shi ne kuma ya fi haɗari.

Akwai alama ɗaya da ba a jira da ita. Idan jikinsa ya yi zafi ƙwarai, ya sanƙare kamar itace, yana zufa, hankalinsa ya gushe, kada a ce zazzaɓi ne a sayo maganin sauro a zauna. A dakatar da ƙwayar a kai shi asibiti a wannan sa'ar, a kuma faɗa wa wanda ya karɓe shi sunan abin da yake sha. Ba ya yawan faruwa, amma yana kisa. Haka ma idan murɗewar nan ta dawo har ta taɓa numfashi ko haɗiya.

Yanzu ga maganar dainawa. Abin da ke yaudarar iyalai shi ne ciwon ba ya dawowa washegarin ranar da aka daina. Makon farko yaron zai fi kyan gani: jiki ya saki, miyau ya tsaya, ya tashi ya yi wanka ya fita. Kowa zai ce ashe maganin ne ke kashe shi. Sai bayan wata ɗaya ko uku ko shida barci ya fara ƙaura, zargi ya dawo, kuma a lokacin babu mai danganta shi da ƙwayar da aka ajiye tun tuni, sai a ce an sake yi masa jifa. Mafi yawan waɗanda suka daina magani bayan tashin farko ciwon yakan dawo musu cikin shekara ɗaya zuwa biyu, kuma kowace dawowa takan fi wuyar kwantarwa, ta kuma ci wani abu daga sana'ar mutum da mutuncinsa. Shi ya sa ƙa'idar ita ce a ci gaba da sha aƙalla wata 12 bayan alamun sun ɓace gaba ɗaya, sannan likita ya duba ko za a janye a hankali ana lura. Wasu suna rabuwa da maganin har abada, wasu kuma suna zama da shi shekaru kamar yadda mai hawan jini ke zama da nasa. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 300 a duniya yana da nau'in ciwon da ake kira sikizofireniya, don haka ko da shi ne, gidanku ba shi kaɗai ba ne a unguwar.

Mahaifinku ba maƙiyin ɗansa ba ne. Mutum ne da ya ga an mayar masa da yaro mai kuzari ya koma mai zubar da miyau, kuma yana tsoron kada dogaro da ƙwaya ya zama raunin tawakkali. Idan kika je masa da cewa babu aljani, kin rasa shi, kuma ni kaina ba na faɗa wa iyaye haka, domin ba aikina ba ne in yi musu hukunci a kan gaibu. Abin da nake tuna musu shi ne abin da suka riga suka sani: hadisin da Buhari ya ruwaito cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, da hadisin da ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku, cikinsu har da wanda hankalinsa ya gushe har sai ya dawo. Shari'a ta ɗauki gushewar hankali a matsayin lalura mai uzuri, ba laifi ba, ba kuma alamar ƙarancin imani ba. Kuma jinyar masu wannan ciwo a asibiti ba baƙon abu ba ne a tarihin Musulmi: asibitin da Sarki Kalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashensu na musamman. Ke 'ya ce, kuma na san akwai maganar da ba za ta yi nauyi daga bakinki ba. Ki nemi wanda Baba ke jin maganarsa, ko yayansa ko limamin unguwa ko ma malamin da ya yi wa yaron ruƙya, ki roƙe shi ya raka ku asibiti sau ɗaya.

A kan abin da malam ke yi, ga yadda nake rarrabewa. Karatun Alƙur'ani, addu'a, tofi a ruwa, sadaka, shafa man zaitun, da rubutun da aka wanke daga allo mai tsabta da ruwa mai tsabta, babu ɗayansu da ke karo da Haldol. A ci gaba da su, kuma sau da yawa suna kwantar wa mara lafiya da iyayensa hankali, abin da shi ma magani ne a wurinmu. Inda nake tsayawa shi ne jiƙe-jiƙe da garin da ba a san abin da ke ciki ba. Ba don na raina itatuwa ba ne, sai don na san suna aiki. Masu maganin gargajiya a ƙasar Yarbawa sun daɗe suna kwantar da masu taɓin hankali da saiwar itacen rawolfiya, kuma daga ɗan'uwan wannan itace na Indiya aka fitar da maganin reserpine a 1952, shekarar da likitocin Faransa Jean Delay da Pierre Deniker suka fara gwada Largactil a asibitin Sainte-Anne na Faris. Idan aka haɗa irin wannan saiwa da Largactil, jini na iya faɗuwa mutum ya yanke jiki. Zaƙami kuwa, wanda akan sa a wasu haɗe-haɗe da hayaƙi, shi kansa yana rikita hankali ya sa mutum gane-gane, kuma idan ya haɗu da Artane abin ya ninku. Saboda haka duk abin da za a sha ko a shaƙa, a kawo shi a nuna. Sai kuma abin da ba ni da sassauci a kansa ko kaɗan: duka da sunan ana dukan aljani, shaƙe wuya, turara hayaƙi a rufaffen ɗaki, hana abinci da ruwa, da sa mari ko ɗaurewa a turu. Jikin da ake duka na ɗanku ne, shi zai kwana da ciwon, shi zai kuma tuna waɗanda suka riƙe shi.

Haɗa hannu tsakanin asibiti da masu magani na gida ba sabon tunani ba ne a Afirka. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abekuta, inda mara lafiya ke sauka a gidajen ƙauye tare da ɗan'uwansa, yana zuwa asibiti da rana, ana kuma aiki tare da masu maganin gargajiya. A Dakar, likita Henri Collomb da abokan aikinsa a asibitin Fann sun shigo da 'yan rakiya cikin jinya, suna kuma zaman tattaunawa irin na dandalin gari. A 2020 mujallar likitoci ta Lancet ta buga binciken da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, inda aka haɗa ma'aikatan ƙananan asibitoci da masu maganin gargajiya da na addini suna duba mara lafiya tare, kuma bayan wata 6 waɗanda aka yi wa haka sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka bari da tsarin da aka saba. A wurinmu, inda ƙwararrun likitocin wannan fanni suka fi yawa a Yawunde da Duwala, a asibitoci irin su Jamot da Laquintinie, mafi yawan aikin arewa kuma yana hannun ma'aikatan jinya da likitocin gama-gari, malamin da ya san alamun da zai ce "wannan ku kai asibiti" ya fi mana amfani a kan malamin da muka mayar abokin gaba.

Akwai kuma abin da ya wajaba a kanmu mu ma'aikata, kuma ina so ki san shi domin ki nema. Da yawa daga cikinmu da Faransanci muka yi karatu, wasu daga kudu aka turo su, mara lafiya kuwa Hausa yake ji ko Fillanci ko Larabcin Shuwa ko Barbarci. Sai a ɗauko wanda ya rako shi a ce ya yi tafinta, alhali kawunsa ne ko mahaifinsa. Wane saurayi ne zai faɗi a gaban mahaifinsa cewa yana shan tramol, ko maganin ya kashe masa gaba, ko ya yi tunanin kashe kansa? Ki roƙi a ba shi minti goma shi kaɗai da ma'aikaci, ko da tafintan da ba ɗan gida ba. Haka nan wanda bai san mu ba yana iya ganin yaro ya sunkuyar da kai yana amsawa da kalma ɗaya ya rubuta cewa ciwo ne ya daskarar da shi, alhali tarbiyya ce. Yana iya jin an ce "an yi mini sammu" ya rubuta ruɗu, alhali rabin garin zai faɗi haka idan kasuwa ta karye. Ma'aunin da ya fi inganci shi ne a tambayi mutanensa: wannan maganar tasa, ku da kuka yarda da sammu, kun ga ta wuce yadda kowa ke faɗa? Ku da kanku kun gane cewa zargin mahaifiyarsa da zuba guba ba irin maganar da aka saba ba ce. Littafin da likitocin Amurka ke amfani da shi wajen tantance waɗannan cututtuka ya shigo da tambayoyi 16 a bugunsa na 2013 domin wannan kawai: me kai da iyalinka kuke kiran abin nan, me kuke ganin ya jawo shi, ina kuka riga kuka je, me kuke fata daga gare mu. Ma'aikacin da ya yi waɗannan tambayoyi ba tare da murtuke fuska ba shi ake faɗa wa gaskiya.

Batun azumi ya fi sauƙi a kan yadda gidanku ya ɗauka. Haloperidol yana daɗewa a jiki, don haka a yawancin mutane ana iya mayar da shi sau ɗaya a rana, da daddare bayan buɗa-baki, ba tare da an rasa komai ba. Haka risperidone da olanzapine. Ku je kafin watan ya kama domin likita ya tsara lokutan. Allurar da ake yi a tsoka, wadda ba ta abinci ba, malamai da yawa na wannan zamani sun tafi a kan ba ta karya azumi, kuma kuna iya tabbatarwa a wurin malaminku. Ko zai yi azumin kansa kuwa, wannan ya danganta da halin da yake ciki, kuma aya ta 184 da ta 185 a Suratul Baƙara sun ba mara lafiya damar ramawa. Abu biyu nake tsoro. Na farko ƙishirwa: daga Maris zuwa Mayu zafin Garwa da Marwa da Kuseri yana haura digiri 40, waɗannan magunguna kuma suna rage wa jiki ikon sanyaya kansa, Largactil yana sa jiri idan an miƙe tsaye, yana kuma sa fata saurin ƙonewa a rana. Na biyu rashin barci, domin tarawihi da hira da sahur suna iya barin mutum da awa uku, kuma yankewar barci tana daga cikin abubuwan da ke tayar da wannan ciwo. Idan zai yi azumi, a tsare masa barcinsa, a ɗauke masa aikin rana. Wanda ke shan lithium kuwa, wani maganin taɓin hankali na daban, ko da yake ba shi ne na ƙanenki ba, kada ya fara azumi sai da izinin likita, domin bushewar jiki tana mayar da shi guba.

Sai maganar Inna da kunu. Na fahimci abin da ya kai ta, kuma ba zan zarge ta ba. Amma ki duba: yaron da ciwonsa ya fara da zargin ana zuba masa abu a abinci, yau ga shi da gaske ana zuba masa. Ranar da ya gane, kuma yawanci suna ganewa domin Largactil yana da ɗaci, zarginsa ya sami hujja, zai daina cin abincin gida, zai kuma daina yarda da mutum ɗaya da ya fi buƙata. Ban da haka, babu wanda ya san nawa yake shiga cikinsa idan ya sha rabin kofi ya bar saura, kuma wani yaro a gidan na iya shanye ragowar. Yanzu da hankalinsa ya fara dawowa, lokaci ya yi da za a zauna da shi a tambaye shi abin da ya ƙi a maganin. Kusan kullum amsar ita ce sanƙarewa da miyau da kunyar abokai, kuma waɗannan ana iya yi masa alkawarin gyara su. Idan haɗiyar ƙwaya kullum ce ke tuna masa ciwon, akwai allura mai daɗewa, Haldol Decanoas da ake yi duk mako huɗu ko Modecate da ake yi duk mako biyu zuwa huɗu, wadda ke raba gida da rigimar kowane dare. Ita ma da saninsa za a yi, a fara da ɗan kaɗan na gwaji, tun da jikinsa ya riga ya nuna saurin ɗaurewa. Lallai ne kuma likita ya ji labarin kunun, domin idan bai sani ba zai yi lissafi a kan abin da ba haka yake ba.

Game da saye, ki nemi a rubuta muku sunan maganin na asali, haloperidol ko chlorpromazine (wato Largactil) ko risperidone, domin wanda ke zuwa kantin asibiti ta hannun CENAME, hukumar gwamnati mai samar wa asibitoci magunguna, ya fi araha nesa ba kusa ba a kan mai sunan kamfani, aikinsu kuma ɗaya. Ki guji na tebur da na bayan babur da rana ta gasa. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan 1 cikin 10 na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi jabu ne ko marasa inganci. Ku sake saye tun da saura na mako guda, musamman da damina idan hanya na yankewa. Duk inda aka kai shi don wani ciwo, a nuna karnensa, wato littafinsa na asibiti, domin kinin da wasu magungunan sauro suna iya haɗuwa da Haldol su taɓa bugun zuciya, rifampicin na tarin fuka kuma yana rage ƙarfinsa. Wiwi da tramol suna dawo da ciwon ko da ana shan magani, kuma shayi mai kauri da goro da daddare suna cinye barcin da ake nema.

Na san za a kawo shawarar a yi masa aure ya warke. Aure ba ya maganin wannan ciwo, kuma ɗora wa wanda bai miƙe ba nauyin iyali yakan mayar da shi baya. Masu wannan lalura suna aure suna haihuwa suna riƙe gida, amma bayan sun daidaita, kuma da sanin wadda za a aura da waliyyanta, domin auren da aka ɓoye ciwo a cikinsa shi ne wanda ake daina shan magani a daren farko don kada amarya ta gani. Abin da ya fi masa amfani yanzu shi ne komawa shago ko da awa biyu ne da safe, yana guga ko sa maɓalli kafin hannunsa ya daina rawa, da cin abinci tare da 'yan'uwansa, da rage masa faɗa da gori a gida, domin gidan da ake yawan tsawa da sukar mara lafiya ciwon ya fi saurin dawowa a cikinsa. Ke kuma da yake sakin jiki da ke, ki tambaye shi kai tsaye, a keɓe, ko yana jin rayuwa ta ishe shi. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi. Idan ya ce e, ko muryoyin suka fara ba shi umarni, a kawar da maganin ƙwari na gona da igiya da tarin ƙwayoyi daga inda zai kai hannu, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Kada ku jira ranar da aka rubuta muku. Ku koma cikin makon nan da karnensa, da kwalayen duk abin da yake sha, da ƙullin duk wani gari ko jiƙo da aka karɓo, da Baba ko wanda zai wakilce shi. Ku gaya wa likita sanƙarewar da miyau da yawan kwanciya, ku gaya masa maganar kunu da niyyar dainawa da azumi, ku nemi a sake duba yawan maganin da ko ana buƙatar biyun, sannan ku karɓi lambar da za ku kira idan wani abu ya taso da dare.